Littafi na Uku



Duk wanda ya taɓa karɓar hayar littafin Hausa ya san zafin jiran kashi na ƙarshe. An gama na ɗaya da na biyu, marubuciya ta tsaya daidai inda zuciya ke bugawa, sai a yi ta sintiri shagon haya ana tambaya ko na uku ya fito.

Irin wannan jiran masu karatun Nnedi Okorafor suka yi. 'Yar asalin Najeriya ce mazauniyar Amurka. A 2015 ta fitar da Binti, labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Himba da ta bar gida a ɓoye, ta hau jirgin sararin samaniya zuwa jami'a a wata duniyar. Na biyu ya fito a 2017, na ƙarshe a 2018. Abin da ya riƙe mutane har ƙarshe shi ne son sanin ko danginta za su karɓe ta bayan tafiyar ta sauya ta, har a jiki. Tambayar da iyaye a nan Kano ke yi ke nan duk ranar da suka raka 'yarsu filin jirgin Malam Aminu Kano za ta tafi karatu.

Mu ma muna da namu labarin sararin samaniya. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sama a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Ina roƙon marubutanmu su koma wannan fage, su ba mu labarin da zai kai kashi uku.