A rubuta sunansu cikin tsarin aikin lakwal

(Jawabin da wakilinmu ya yi a wani taron iyayen ɗalibai a Maraɗi, gabanin komawa karatu)

 

Bara, aikin jarida ya kai ni wata lakwal a cikin garin nan. Na tarar da wata yarinya gurguwa wadda ba ta shan ruwa tun safe har a tashi. Da na tambayi dalili, mushenta ya ce mani makewayi yana da matakala, kekenta kuwa ba ya hawa. Na duba tsarin aikin shekara na lakwal ɗin. Akwai kuɗin zana na rumfunan karatu, akwai na alli da na gyaran tebura, amma ko layi guda bai ambaci yarinyar ba.

Dokoki kam muna da su. Doka mai lamba 93-012 ta 1993 ta shimfiɗa ƙa'idojin kare naƙasassu. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wato LOSEN, ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ayarta ta 24 ta hana a ware yaro daga karatu saboda naƙasa. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Bâ. To amma ɗan Mayahi ko Gidan Runji, lakwal ɗin garinsu ita ce tasa. Idan ta rufe masa ƙofa, sai bara a bakin kasuwa.

Ƙofar nan a hannunmu take. Kwamitin kula da lakwal, CGDES, wanda muka saba kira COGES, yana kiran babban taro a farkon shekara. A nan ake lissafa matsaloli, a zaɓi waɗanda za a magance, a yanka wa kowace kuɗinta. Abin da bai shiga takarda a ranar ba, sai baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina roƙon mu je taron bana da buƙatu bayyanannu. A bi gida gida a ƙidaya yara naƙasassu na unguwa, har da waɗanda ake ɓoyewa a ɗaka don kunya. A ba uba ko uwar ɗaya daga cikinsu damar magana a gaban kowa. Kowane yaro a rubuta abin da yake bukata da kuɗinsa: gangara ta siminti a bakin aji da makewayi, wurin zama na gaba ga mai raunin ji ko gani, ganin likita ga wanda ake kira daƙiƙi alhali kunnensa ne ba ya ji sosai. A kuma rubuta wanda zai bi sawun kowane aiki.

Ku ƴan kasuwa, in an zo neman gudunmuwarku, ku tambayi abin da aka tanadar wa waɗannan yara kafin ku buɗe aljihu. Ku ma'aikata, musamman masu duba makarantu, tsarin da ya zo hannunku babu su a ciki, ku tambayi darakta dalili.

Yarinyar da na ba ku labari, ƴan buhunan siminti da aikin magini na yini guda sun isa su raba ta da ƙishirwa. Allah ya ba mu ikon tunawa da ita ranar taro.