Jawabi Ga Masu Sarin Rigunan Sanyi A Dandume

Hunturu ya kusa. Masu sarin rigunan sanyi, ku saurara.

Duk kayan da ke shigowa ƙasar nan suna da lamba a littafin kwastan. Da lambar ake yanka kuɗin fito. Sabuwar suwaita saƙaƙƙiya, ta auduga ko ta ulu, lambarta 6110. Gwanjo kuwa 6309 ne, kuma dokar Nijeriya ta hana shigo da shi.

In takarda ta ce sababbi ne, aka buɗe dila aka ga gwanjo, kwastan na iya ƙwace kayan. Kuɗin masarar bana sun tafi ke nan.

Don haka ku karanta takarda kafin ku biya dillali. Wanda bai iya karatu ba, ajin yaƙi da jahilci na jiransa.