Gyaran Ƙagaggen Labari Tsakanin Ofis da Gida

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, mutumin Dalijan, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan yadda ma'aikaci zai iya gyara littafin da ya rubuta, alhali ga ofis, ga iyali, ga zumunci, domin sun san ina da wani ƙagaggen labari a hannu wanda nake cikin gyaransa. Na amsa, domin na san ba ni kaɗai ba ne. A cikin zauren nan akwai waɗanda ke da rubutu kwance a ƙasan akwati, suna jiran ranar ritaya su zauna su gyara. Abin da na zo faɗi shi ne, ranar nan ba ta da tabbas, kuma mafi yawan littattafan da muke taƙama da su masu aiki ne suka rubuta su, suna tsakiyar aikinsu.

Mu fara daga gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, bai sami zaman hutu ya yi rubutu ba. Liya'ul Hukkami a Kano ya rubuta shi, yana baƙo a kan hanya. Tazyinul Waraƙati kuwa a 1813 ya haɗa shi, ya bi waƙoƙin da ya yi tun da can, ya tsara su, ya yi musu bayani, wato shi ma aikin komawa kan tsohon rubutu ne. Tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, ya kammala shi a 1816. Waɗannan biyu na ƙarshe fa ya rubuta su yana ɗauke da nauyin yammacin daula, ga karantarwa, ga shari'a, ga yaƙe-yaƙe.

Idan muka dawo kan rubutun boko, labarin bai sake ba. A gasar da Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko, Malam Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, yana da shekara 22. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Amma ga inda suka fi mu sa'a: suna da mai gyara. East ya bi rubutun Imam ya rage wasu labarai, ya kuma ja hankalinsa ga dogara da tunanin kansa. A 1936 aka ɗauko Imam daga aji aka kai shi Zariya na wata shida, ba shi da wani aiki sai rubuta Magana Jari Ce. Haka nan littattafan da kamfanin NNPC ya buga a 1980, irin su So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, sun bi ta hannun alƙalan gasa da editocin kamfani. Daga tsakiyar shekarun 1980 ne marubuta, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Wannan ya buɗe ƙofa ga jama'a da yawa, har da mata, ya kuma farfaɗo da karatun Hausa. Sai dai ya ɗora wa marubuci aikin mutum uku: shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, shi ne mai bugawa. A wannan hali muke har yau, kuma babu wanda zai ɗauke ni ko kai daga ofis na wata shida.

To, yaya za a yi? Rubutu da gyara hali biyu ne daban. Rubutu yana son dogon zama da zafin kai, shi ya sa ma'aikaci kan yi shi a lokacin hutun shekara. Gyara kuwa yana son sanyin kai da ido mai natsuwa, kuma yana yiwuwa a gutsure shi. Rubutun da ke hannuna shafi 240 ne. Na yanka wa kaina shafi 2 kullum bayan sallar asuba, kafin yara su tashi shirin makaranta, kwana 5 a mako. Shafi 10 ke nan a mako, cikin mako 24 an kai ƙarshe. Asabar da Lahadi ban sa su a lissafi ba, domin su ne ranakun zuwa Dalijan gaida tsofaffi, da duba gona da damina, da suna da ɗaurin aure da ta'aziyya. Wanda ya ce sai ya yanke zumunci zai gama littafi, zai gama littafin ya rasa wanda zai karanta masa. Sannu-sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai kuma maganar amana. Lokacin ofis da takardar ofis da injin buga takardu na ofis ba na marubuci ba ne, na jama'ar da ake biyansa albashi domin su ne. Idan aiki ya yi tsanani, kamar lokacin shirya kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, ko watan azumi ya kama, sai a rufe rubutun a ajiye. Wannan ajiyewa ba asara ba ce. Rubutun da ya kwana wata guda a akwati, idan ka buɗe shi sai ka gan shi kamar na wani, a nan ne kuwa ido yake aiki, tunda laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Shi kansa gyaran, a ganina sau uku ake bin rubutu, kowane bi da abin da ake nema. Bi na farko na ginin labari ne. A nan ba a kula da waƙafi ko aya. Ana tambaya ne: wannan babi, in an cire shi, me labarin ya rasa? In amsar ita ce ba komai, sai a cire, ko da an sha wahalar rubuta shi. A wannan mataki ina riƙe da ƙaramin littafi inda na rubuta sunan kowane mutum na cikin labarin, da shekarunsa, da danginsa, da lokacin da kowane babi ya faru. Mai gyara shafi biyu-biyu yana saurin mantuwa, kuma mai karatu na ƙasarmu manomi ne ko ɗan manomi. Ba zai yafe maka ba idan aka shuka gero a babi na uku, sa'annan a babi na huɗu, bayan kwana goma, aka kai damma rumbu.

Bi na biyu na harshe ne, kuma a nan ma'aikaci yake da riba da kuma haɗari. Ribar ita ce ofis ya koya mana taƙaitawa. Duk wanda ya taɓa rubuta takarda ta dawo masa daga teburin darakta da jan biro ya san ba kowace kalma ce ke da aiki ba. Haɗarin kuwa shi ne harshen fayil yana bin mutum gida. Sai ka ji tsohuwa a cikin labari tana cewa "dangane da batun" ko "bisa la'akari da", maganar da babu tsohuwar da ta taɓa yi a bakin murhu. Maganin wannan shi ne karantawa da ƙarfi. Ni uwargida nake karanta wa da dare. Inda ta ce, "Wa ke magana haka?" sai in ja layi.

Mu mutanen ƙasar Gwandu muna da wata matsala ta daban, wadda na Kano ba su da ita. Daidaitacciyar Hausa da muka koya a nan makaranta an gina ta ne galibi a kan karin Kano. A gida kuwa cewa muke yi "munka tahi", "mi kaka so", "wanga yaro", "shi taho". Shin marubuci zai goge wannan duka? Abin da na tsaya a kai shi ne, bayanin marubuci ya tafi a daidaitacciya domin mutumin Zariya da na Maraɗi su bi labarin ba tuntuɓe, amma mutanen cikin labari su yi magana da bakinsu. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya ce "munka" a shafi na 10 kada ya koma "muka" a shafi na 90, sai fa in labarin ya kai shi birni ya daɗe, har ana so mai karatu ya ji bakinsa ya sauya. Wannan kari namu dukiya ce, kuma bai sami wurin da ya kamace shi a ƙagaggun labarai ba. In ba mu sa shi ba, ba wanda zai zo daga wani wuri ya sa mana.

Bi na uku na ƙa'idojin rubutu ne, wato abin da malamanmu na Hausa suka yi ta fama da mu a kai: raba kalmomi da haɗe su, "shi ne" ba a haɗe ba, "yana" ba a rabe ba, da kuma haruffa masu ƙugiya. Kada a raina wannan. Wanda ya rubuta "ya bata kudi" bai faɗa mana ko mutumin kirki ne da ya ba matarsa kuɗi ba, ko kuwa almubazzari ne da ya ɓata su. Yau kwamfuta da wayar hannu duk suna da waɗannan haruffa, saboda haka uzurin da masu tafireta suke da shi a da ya ƙare. Wannan bi na uku shi ne ake iya yi a ko'ina, a tasha ana jiran mota ta cika, ko a layin asibiti, muddin an buga shafukan a takarda, ga biro a aljihu.

Bayan duk wannan, akwai abin da marubuci ba zai iya yi wa kansa ba, shi ne ya zama baƙon rubutunsa gaba ɗaya. A nan nake da roƙo ga wannan ƙungiya. Muna da malamai da suka yi ritaya, waɗanda suka shekara talatin suna duba insha'i. Muna da tsofaffin ɗalibai da ke koyarwa a manyan makarantu na Birnin Kebbi da Sakkwato. Me zai hana mu kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku ko huɗu, wanda duk ɗan ƙungiya mai rubutu zai miƙa masa, a karanta, a mayar masa cikin wata biyu da shawara a rubuce? A ware ɗan abin goro ga malaman daga asusun ƙungiya, shi kuma marubuci in Allah ya sa littafi ya fito, ya ba laburaren makaranta kofe goma. Wanda aka yi wa gyara kada ya ji haushi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni ne na farko da zan miƙa nawa.

Daga ƙarshe, ina kira ga masu rubutu a akwati da su ciro shi a wannan mako, su ƙirga shafukansa, su raba da goma, su ga mako nawa ya rage tsakaninsu da littafi.