Kafin Ka Aiko Da Sola Gida

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Unguwar Ya)

 

Mai girma shugaban taro, iyayen ƙasa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, da 'yan'uwa waɗanda suka baro Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin wannan rana, ina yi muku barka da zuwa gida. An umurce ni in yi magana a kan wutar sola, alhali ni ba injiniya ba ne, lissafin firamare na koyar shekara talatin da ɗoriya. To, da shi zan yi magana, domin a wannan al'amari shi ma ya wadatar.

Ba sai na ɓata muku lokaci da tarihin wutar gwamnati ba. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Duk da haka, in wuta ta dawo, sunan NEPA yara ke kira. Kowa kuma yana tune da watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi kusan kwana goma cikin duhu. Janareta da muke fakewa da shi ya fi ƙarfin talaka tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba, ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Shi ya sa jama'a suka juya ga rana, kuma sun yi daidai. Jigawa ma ba baƙuwa ba ce a nan, domin tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF ta haɗa kai da gwamnatin jiha aka kafa sola a wasu ƙauyuka, ciki har da Wawan Rafi.

Ga abin da ya dame ni. Ɗa mai albarka zai zo hutun Sallah da farantai da batir a bayan mota, a ɗora a kan kwano, gida ya haskaka, a yi ta sa masa albarka. Bayan shekara ɗaya da rabi, wutar da ke kaiwa asuba ba ta wuce lisha. Shi kuwa tsoho ba zai ɗaga waya ya ce kyautarka ta mutu ba, kara ba za ta bar shi ba. Sai ya koma ga tocila, kai kana can birni kana tsammanin Baba yana kwana da fanka. Ku zaga gari bayan an tashi daga taron nan, ku tambayi gidajen da kuka ga faranti a samansu, za ku ji abin da nake faɗi.

Farantin ba shi ne ya mutu ba. Faranti mai kyau yakan yi shekara ashirin ko fiye yana aiki. Batir ne ke mutuwa, kuma yawanci kashe shi ake yi. Ku ɗauke shi kamar randa: rana tana zuba mata, dare yana ɗiba. Sai dai irin batirin da muka fi saye, mai darma da ruwa a ciki, randa ce da ba ta son a ga gindinta. In ana ɗibar fiye da rabi kullum, kwanansa ya ragu ƙwarai.

Bari mu yi lissafin tare. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, in ka ninka, yana riƙe da wat 2,400 na awa guda. Rabinsa ne naka, wato 1,200. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ita ma tana cin ladanta, sai a ce saura 1,000 da 'yan kai. Yanzu mu ƙirga gida. Ƙwai shida masu wat 10, awa biyar, 300 ke nan. Fanka biyu masu wat 60, awa takwas na dare, 960. Talabijin mai wat 60, awa uku, 180. Cajin wayoyi a ce 60. Jimla 1,500. Kun gani, gidan da bai da firji ma ya fi ƙarfin batir guda, biyu yake bukata. Dutsen guga kuwa wat 1,000 yake ja, awa ɗaya tak ta cinye rabon dare gaba ɗaya. Haka ma hitar dafa ruwa. Ta ɓangaren cikawa, Allah ya hore mana rana mai ƙarfi ta kimanin awa biyar a yini, saboda haka faranti mai wat 300 zai ba da wajen 1,100 in an cire asara. Gidan da muka ƙirga, biyu ne ƙarancinsa. Wanda ya ce maka faranti ɗaya da batir ɗaya za su ɗauki "komai da komai", ciniki yake nema. Abin da zai rage nauyi shi ne a sayi fanka irin ta sola, wadda ba ta cin ko rabin abin da ta gargajiya ke ci.

Abu na biyu da ke kashe batir shi ne zafi. An auna ƙarfinsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma masana sun nuna duk ƙarin kamar digiri goma yana raba kwanan batirin darma biyu. Mu kuwa a bazara arba'in muke gani a inuwa. Amma sai ka tarar an kulle shi a ɗan ɗakin kwano marar taga don tsoron ɓarawo. Ɗakin soro mai iska ya fi masa, a ɗora shi a kan katako, nesa da murhu da hannun yara, a riƙa duba ruwansa, in ya ja a ƙara ruwan batir, ba na rijiya ba. Batirin litiyam na zamani ana iya ɗibar kashi tamanin cikin ɗari nasa, kuma yana iya kai shekara takwas ko goma. Kuɗinsa ne mai nauyi a tashin farko. A ganina mai hali ya saye shi. Amma a kiyayi tsoffin batura da ake yi wa fenti a sayar da sunan sababbi. Araha ba ta ado.

Shi faranti bukatarsa kaɗan ce: ya fuskanci kudu da ɗan karkata, kada inuwar darbejiya ta faɗa masa, a goge shi da tsumma da ruwa da sassafe, musamman da hunturu in ƙura ta lulluɓe shi. Wannan aikin ɗan aji shida ne, in an ba shi amanar.

Amanar ce babbar magana. Gidan da ya sami wuta a ƙauye ya zama gidan unguwa, wayoyin maƙwabta goma sha za su kwana a zaure. Ban ce a hana ba, ba tarbiyyarmu ba ce, sai dai a sa su cikin lissafi, a kuma mayar da cajin ya zama na rana, lokacin da faranti ke zubowa. Kuma tun ranar kafawa a kira mutum ɗaya a gidan, a gaban tsoho, a ce wane shi ne mai kunnawa da kashewa. In batir ya mutu kuma, kada a bar yara su fasa shi. Darma guba ce. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubarta daga haƙar zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a 2010. A mayar da shi ga masu saye, su ma suna ba da kuɗi.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, daga cikin kuɗin bana a ɗauki samari biyu ko uku da suka gama sakandare, a kai su Kano ko Dutse su koyi haɗa sola da gyaranta wurin gwanaye, a saya musu mita da kayan aiki, da sharaɗin su dawo su zauna a gari. A ba su littafi, kowane gida da shafinsa: ranar da aka kafa, girman batir, abin da aka ɗora masa. Su zaga sau ɗaya a wata, su sanar da mai gida na birni gaskiyar da mahaifinsa ba zai faɗa masa ba. Ku kuma masu aikowa, ku raba kuɗin batir gida 36, ku riƙa zuba kashi ɗaya duk wata a wurin ma'ajin ƙungiya kamar adashe, domin in shekara uku ta cika kuɗin sabo yana ajiye. Ina roƙon shugaba ya sa sakatare ya buɗe rajistar yau, kafin mutanen Legas su kama hanya.

Wassalamu alaikum.