Ɗigon Kotizon da Makantar Yaranmu a Tamanrasat



Duk wanda ya yi ko da rani ɗaya a garin nan na Tamanrasat, wanda Allah Ya aza bisa tudun Ahaggar a tsayin da ya kusa mita 1,400, inda ruwan shekara bai kan kai milimita 100 ba, inda kuma ƙura da hasken rana ba su ɗaga wa kowa ƙafa, ya san jan ido abokin zamanmu ne, daga unguwar Tahaggart har Gat-el-Wad. Mas'alar da na kawo gabanku ita ce, an mai da jan ido tamkar cuta guda mai magani guda, alhali kuwa alama ce ta cututtuka dabam-dabam, waɗanda maganin wata daga cikinsu guba ne ga wata, kuma wannan magani guda da aka yi ijma'i a kansa ba tare da hujja ba, wato ɗigon kotizon, yana makantar da yara a ɓoye.

Magabata ba su yi wannan gafala ba. Ali bin Isa al-Kahhal na Bagadaza, shekara dubu da suka wuce, ya rarrabe cututtukan ido fiye da 100 a cikin Tazkiratul Kahhalin, kowace da alamominta, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya keɓe wa ɗibbun ido talifi na musamman a Sakkwato. Abin kunya ne a ce mu da muke da fitila da madubin likita mun koma bayansu wajen tahƙiƙi.

Idon da ya yi ja yana kwantsa, ya wayi gari a manne, galibi ƙwayoyin cuta ne suka kama fatarsa, kuma ɗigon kuloramfenikol na kwana 5 zuwa 7 ya ishe shi. Afolo, mai zuwa da ruwan hawaye yana bin gida gida, yakan wuce da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Amma wanda ya fi yawa a yaranmu, musamman maza, shi ne ƙaiƙayin nan mai dawowa duk shekara, wanda ke sa farin idon yaro ya koma ruwan ƙasa, yana murza shi dare da rana. Idan ka aza tsinken auduga a bayan fatar ido ta sama, ka kama gira ka juya ta, za ka ga cikinta ya yi ƙulu-ƙulu kamar daɓen tsakuwa. Maganinsa ɗigon kuromogiliket ne sau 4 a yini, ko olofatadin sau 2, tare da tsumma mai sanyi da haƙuri na shekaru, domin yawanci yakan lafa bayan balaga. Haƙurin nan shi ne ba a da shi. Uwa ta je kantin magani ko kasuwa, a miƙo mata 'yar kwalba mai deksametazon ko betametazon, ta ɗiga, kafin kwana biyu ido ya yi fari, yaro ya yi barci, ta ƙulle kwalbar a bakin zane tana sa wa mai ita albarka, in ta ƙare ta kai fankon a ba ta irinta, har rubutun jikinta ya goge.

To, ga abin da ke gudana a cikin idon. Matsin ruwan ido na mai lafiya yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Tun a shekarun 1960 likitoci biyu na Amurka, Armaly da Becker, suka tabbatar da cewa idan aka ɗiga wa mutane masu lafiyar ido kotizon na mako 4 zuwa 6, kusan kashi ɗaya bisa uku matsin idonsu zai hau hawa matsakaici, kuma kimanin 5 cikin 100 zai hau hawa mai tsanani, da ƙarin da ya wuce 15. Wannan a manya ke nan, kuma a makonni. Yara sun fi saurin kamuwa, namu kuwa watanni suke yi a kai, wasu shekaru. Matsin yana cin jijiyar gani daga gefe zuwa tsakiya, ba zafi, ba ja, ta yadda ranar da malamin makaranta zai lura yaro yana tuntuɓe da abin da ke gefensa, abin da ya tafi ya riga ya tafi, domin jijiyar gani idan ta mutu babu likitan da ke raya ta, ko a Alje ko a Faransa. Ban da wannan, kotizon yana haifar da yana a bayan ƙwayar ido, sai ka ga ɗan shekara 12 da cutar tsofaffi.

Mafi muni shi ne gyambon baƙin ido. Ƙwayar hafis takan yi miki a kan baƙin ido mai rassa, wanda ba a ganinsa sai an taɓa ido da 'yar takarda mai rinin fuloresin an haska shuɗiyar fitila, sai ya fito kore shar. Maganinsa man asikulobir ne sau 5 a yini. Idan aka ɗiga masa kotizon, zafin ya ragu, mikin ya faɗaɗa, ƙarshensa hakiya ko hujewar ido. Haka gyambon da ƙaya ko ƙaiƙayin ciyawa ke jawo wa makiyaya da masu aikin lambu.

Ina so mahukuntan lafiya su ji wannan da kyau: kayan da ake bukata don rarrabe waɗannan cututtuka ba su da tsada ko kaɗan. Madubin duba jijiyar ido Helmholtz ya ƙago shi a 1851. Ma'aunin matsin ido na Schiøtz, wanda ke shiga aljihun riga kuma ba ya bukatar lantarki, tun 1905 yake. Takardar fuloresin kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Aljeriya, ƙasar da ta mai da magani kyauta tun 1974, ta gina asibitocin ido tare da Kyuba a Jalfa da Wargala da Bashar da El-Wad, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shaida ta kau da zazzabin cizon sauro a 2019, ba za ta ce waɗannan sun fi ƙarfinta ba. Sai dai mafi kusa daga cikin asibitocin nan yana bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma uwar da ke da yaro mai ƙaiƙayin ido ɗakin shan magani na unguwa ta sani. Doka ta riga ta sa kotizon cikin magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita. Me ya hana a zartar da ita? Kullum amsar ita ce ana nazari.

Akwai kuma wata illa da ba a son ambato a irin wannan zama. Tun daga Disamban 2014 da aka fara mayar da 'yan Nijar gida ta In Gezam da Asamaka, baƙo marar takardu yana tsoron duk ƙofar da ke da tuta a kanta, ko da kuwa likitan da ke ciki ba zai tambaye shi komai ba. Wanda ke tsoron asibiti kasuwa zai nufa, kuma a kasuwa kotizon ake ba shi. In ya yi ƙarfin hali ya shiga, sai a tarar likita yana Larabci da Faransanci, majinyaci yana Hausa ko Tamashek.

Wannan ya shafi amosanin ido ma, domin da yawa daga matan da yaran da ke isowa nan daga ƙasar Damagaram suke, inda cutar ta daɗe da zama. Ganewarta ma juya fatar ido ne: ƙuraje 5 ko fiye a cikin fatar sama, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1987. Maganinta azitiromaisin ne sha ɗaya, miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro, ko man tetirasaikilin sau 2 a yini na mako 6, wanda girarsa ta juya tana gogar ido kuma a yi masa ɗan aiki. Moroko ta kau da ita a 2016, Mali a 2023. Amma rabon magani na gari-gari yana samun wanda ke gida ne ranar rabo, wanda ke kan hanya ya wuce shi.

Yanar tsofaffi ba ta da ɗigo, aiki ne maganinta, kuma masu kwantar da ita da tsinke ɓarna suke yi. Binciken makanta na Nijeriya na 2005 zuwa 2007 ya samu 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yana ce sanadin 43 cikin 100, hawan jinin ido, wato cutar matsin idon nan, kusan 17. Masu hawan jinin ido na asali, a tuna timolol ba ya dacewa da mai asma, latanofuros kuma yana son firiji kafin a buɗe shi, abin da mai tafiya a bayan mota bai da shi.

Roƙona ga hukuma shi ne a sa fuloresin da ma'aunin matsi a kowane ɗakin shan magani na unguwa, a koya wa ma'aikaci ɗaya amfani da su, a ajiye mai fassara, a kuma hukunta mai sayar da kotizon ba takarda. Ku kuma malamai da limamai, amana ce a wuyanku ku faɗa a masallatai da wuraren suna: kowace uwa ta sa a karanta mata jikin kwalbar da ke ɗakinta, in sunan maganin ya ƙare da “sone” ko “solone” kuma yaro ya wuce mako biyu a kansa, ta kai shi a auna matsin idonsa cikin makon nan.