Inshorar Mota: Araha Ba Ta Ado

Shugaba, dattawa da 'yan'uwa mazauna Yola da Jimeta, Allah ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Maganar da ta tara mu yau ita ce inshorar mota. Dokar 1945 ta wajabta wa mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a hanya. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, Keke Napep 5,000, babur 3,000, babbar motar ɗaukar kaya kuwa 100,000. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta duba takardar. To, kowa ya ji a jikinsa.

Amma jama'a, mu duba ɗaya ɓangaren. Da can iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya naira miliyan 1 ne, da ƙarin kuɗin ya koma miliyan 3 ga motar gida. A wasu jihohin Amurka, irin su Mishigan, kamfanin kowa ne ke biyan jinyarsa ko laifin wane ne. Mu a nan mai laifi ake bi. In ka daki motar wani a hanyar Numan ko kan gadar Binuwai, kuma takardarka ta bogi ce, to jarinka na kasuwa ne zai biya.

Da yawanmu mun saba miƙa wa ɗan kamasho kuɗi a bakin ofis, ya kawo takarda mai araha. Wallahi wannan ita ce mai tsadar, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shawararmu huɗu ce. Na farko, mu yanka a kamfani mai lasisi, sannan mu danna *565*11# a waya, mu sa lambar mota don tabbatarwa. Na biyu, in hatsari ya faru, mu ɗauki hoto, mu sanar da 'yan sanda da kamfani nan take, kada mu bar haƙƙinmu. Na uku, mai shakka ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful masu bin tsarin Musulunci. Na huɗu, mu kafa adashi a ƙungiya, kowa ya riƙa zuba kaɗan duk wata; 15,000 a shekara naira 1,250 ce a wata.

Masu kai kaya Garwa kuma su lura: katin ECOWAS da ke tare da inshorar bai shafi Kamaru ba, don ba ta cikin ƙungiyar. Sai a nemi tasu takardar.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa wa kasuwa albarka. Wassalam.