Rufe Iyaka Sau Biyu: Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi



Duk mai sayar da shanu a Agege, ko albasa a Sabon Badun, ya san cinikinsa a hanya yake. To, hanyar nan ba gwamnatin Nijeriya kaɗai ke iko da ita ba.

Ƙasarmu tana cikin ƙungiyoyi da dama. A Ikko aka kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1975, kuma a 1979 ta amince jama'arta su riƙa zirga-zirga ba tare da biza ba. Muna cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 1995. Sa'an nan a watan Yuli na 1919 da ɗari, wato 2019, Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Tarayyar Afirka. Kowace da alkawarin da muka ɗaukar mata.

Wata guda bayan sa hannun nan, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Ba a fara buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020. A nan Nijeriya ta fifita manominta a kan alkawarinta.

A 2023 kuwa, bayan juyin mulkin Nijar, ECOWAS ce ta yanke hukunci, Nijeriya ta zartar: aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar lantarki, har zuwa farkon 2024. A nan umarnin ƙungiya aka bi. Amma duka biyun, a kan fatake da direbobi da masu saye nauyin ya sauka. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka kafin a sa hannu ya kamata a ji muryarku. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Ku haɗa kan ƙungiyoyinku na kasuwa, ku tambayi wakilanku abin da aka ɗaukar muku.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.